Jinjina ga Magadan Terminator: Gawa Ta Ƙi Rami

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen da suka cancanci yabo yau su ne attajiran Hollywood da suka yi ta karɓa-karɓa da fim ɗin Terminator daga 2003 zuwa 2019. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki. An bar muku labarin da mai shi ya kai ƙarshensa, ya ɗaure bakinsa tamau, 'yan kallo suka tashi suna share ƙwalla. Ku kuwa kuka kwance shi har sau huɗu, kuna ta zuba jari kuna ta rage ma'ana. Ba ƙaramin namiji ne zai iya wannan ba. Sai mai ƙarfin hali, wanda kunya ba ta hana shi neman na kansa.

Ba za a gane girman gyaran da kuka yi ba sai an tuna irin ɓarnar da kuka tarar. A 1984 James Cameron ba kowa ba ne. Haƙƙin mallakar labarin ma dala ɗaya ya sayar wa furodusa Gale Anne Hurd, da sharaɗin a bar shi ya ba da umarni da kansa. Duk abin da aka kashe a fim ɗin bai kai dala miliyan 7 ba. To, rashin kuɗi ya sa bawan Allah ya yi ta tunani, wahalar da ku Allah ya hutasshe ku daga ita. Labarin nasa yaro ma zai iya maimaitawa. Wata kwamfuta mai suna Skynet ta kusa ƙarar da 'yan Adam, sai ta ga wani John Connor yana neman cin galaba a kanta, ta turo mutum-mutumi daga shekarar 2029 ya kashe uwarsa tun kafin ta haife shi. Uwar, Sarah, ma'aikaciyar gidan abinci ce da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Mai kare ta soja ne guda ɗaya tilo, Kyle Reese, mutum mai jini da tsoka, wanda harsashi ke hudawa, gajiya ke kamawa. Na'urar ta buɗe littafin lambobin waya, ta ga mata uku masu wannan suna, ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera su. Ba ta fushi, ba ta surutu, ba ta tsayawa.

Akwai wurin da mutum-mutumin ya tsaya gaban madubi a wani ƙazamin ɗakin haya, idonsa guda ya lalace. Ya ɗauki 'yar aska ya ƙwaƙule idon, ya faɗa cikin ruwa, wata jar fitila ta bayyana tana motsi a ramin. Sannan ya ɗauki baƙin tabarau ya rufe wurin don kada mutane su gane ko shi mene ne. Ku dubi wahalar da kai irin ta Cameron: tabarau ma sai da ya nemo masa dalili. Arnold Schwarzenegger, wanda 'yan kallonmu suka fi sani da Kwamando, shi ne bos a wannan fim, kuma da ƙyar yake buɗe baki. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 78.

A 1991 Cameron ya ƙara tafka wani laifin da ya fi na farko. Kamfanin Carolco ya ba shi kusan dala miliyan 100, kuɗin da ba a taɓa kashewa a fim ba a lokacin, maimakon ya maimaita abin da ya ci kasuwa, sai ya kifar da komai. Bos ya koma akta. Sarah da muka bari tana rawar jiki, Linda Hamilton ta dawo da ita a asibitin masu taɓin hankali, ta tayar da gadonta tsaye tana motsa jiki da shi, likitoci na shakkarta. Sabon bos, wanda Robert Patrick ya fito a matsayinsa, siririn mutum ne cikin kayan 'yan sanda, jikinsa narkakken ƙarfe. Duk siddabarun kwamfutar da ya girgiza duniya a fim ɗin, in aka haɗa shi, kusan minti biyar ne. Sauran motoci ne na gaske, da wuta ta gaske, da mutane. Ba na manta daren da Sarah ta je kashe Miles Dyson, injiniyan da bincikensa zai haifar da Skynet. Ta harbe shi a kafaɗa, ta tsaya a kansa da bindiga, ɗansa ƙarami ya kwanta a jikinsa yana roƙo. Hannunta ya kasa. A nan ta gane ita ma ta kusa zama na'urar da ta tsana. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500, ya ci kyautar Oscar huɗu.

Amma babban laifin Cameron, wanda ku magada ba za ku taɓa yafe masa ba, shi ne ya gama labarin. An tarwatsa kamfanin Cyberdyne inda Dyson ke bincikensa, shi kuma ya ba da ransa a ciki. An jefa ragowar hannun tsohon mutum-mutumin da ƙwaƙwalwarsa cikin narkakken ƙarfe. Sai akta ya nuna kansa, ya ce saura ƙwaƙwalwa ɗaya. Ba zai iya kashe kansa ba, don haka Sarah ce ta danna maɓalli, sarƙa ta riƙa sauke shi a hankali, yaro John, da ya ɗauke shi uba, yana kuka yana cewa kada ya tafi. Abin da fim ɗin ke faɗa a fili yake: mutane sun biya da rayukansu, kuma biyan ya yi amfani, an kau da bala'in da aka ce zai auku ranar 29 ga Agusta, 1997. Wane irin rashin dabarar kasuwanci ne wannan? Mutum ya samu hajar da ke kawo rabin biliyan, ya sa hannu ya narkar da ita a gaban jama'a!

Allah da ikonsa, sai Carolco ya karye a 1995. Daga nan Terminator ya shiga jerin kayan da ake gwanjonsu don biyan masu bin bashi, kuma tarihinku mai albarka ya fara. Mario Kassar da Andrew Vajna, tsofaffin masu Carolco, suka saye shi. A 2007 suka miƙa wa kamfanin Halcyon. Halcyon ya yi fim ɗaya, ya karye a 2009. A 2010 Pacificor, kamfanin juya kuɗi da ke bin Halcyon bashi, ya karɓe kayan a kan dala miliyan 29.5. A 2011 Megan Ellison, 'yar mai kamfanin Oracle, ta saya, daga baya ya koma hannun ɗan'uwanta David mai kamfanin Skydance. A nan ne kuka koya wa duniya sabon tsari. Da, marubuci ne ke da labarin da ke cin sa a rai, ya fita neman kuɗi. Ku kuka juya abin: a fara sayen suna, sannan a tara marubuta a ce su nemo labarin da zai maido da jari. Fim na biyu mutum biyu suka rubuta shi, Cameron da William Wisher. Na ƙarshe, na 2019, sunayen marubuta shida ne a jikinsa, kamfanoni huɗu suka haɗa kuɗinsa, har da Tencent na ƙasar Sin. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ko ba haka ba?

Wanda ya sayi labarin da aka gama, aikinsa na farko shi ne ya ƙaryata ƙarshen. Kun yi wannan da gwaninta a fim na uku, Rise of the Machines, na 2003. Cikin magana ɗaya kuka sanar da mu cewa ba a kau da bala'in ba, jinkirta shi kawai aka yi, zuwansa dole ne. Ashe Dyson ya mutu a banza. Ashe kukan yaron nan a bakin ramin wuta asara ce. Cameron ya ƙi aikin, Linda Hamilton ma ta ƙi, sai kuka warware matsalar cikin sauƙi: kuka ce ai Sarah ta mutu tuni, sankarar jini ta kashe ta. Matar da mutum-mutumi biyu suka kasa, ku kun kashe ta da jimla ɗaya, ba tare da an nuna ko gadon jinyarta ba. Da aka buɗe akwatin gawarta ma bindigogi aka tarar a ciki, don kada lokacin harbi ya ɓata wajen makoki. Schwarzenegger kuwa kun mutunta shi yadda ya kamata, kuka biya shi sama da dala miliyan 29, wato fiye da ninki huɗu na duk abin da aka kashe a fim ɗin farko. Kuma tabarau ɗin nan da Cameron ya wahalar da kansa a kai, kun 'yantar da shi daga dalili. Mutum-mutumin ya shiga gidan rawa, ya ƙwace kayan wani ɗan rawa, ya sa hannu a aljihu ya fito da tabarau mai siffar tauraro, ya ɗora a fuska don a yi dariya. Abin da ya hana mutane barci a 1984 ya zama ɗan kama. Ƙarshen fim ɗin, inda bama-bamai ke sauka John yana ɓoye a ƙarƙashin dutse, ya yi nauyi, ban musa ba. Sai dai da itacen gidan Cameron aka hura wannan wuta.

A wannan shekarar Schwarzenegger ya zama gwamnan Kaliforniya, wani zai ce to an huta. Ina! A Salvation na 2009 kuka ɗauki fuskarsa ta ƙuruciya da kwamfuta kuka manna a jikin wani ƙato. Kuka sa shi ya kama John Connor, mutumin da aka shekara 25 ana neman kashewa, maimakon ya murɗe masa wuya sai ya yi ta jifa da shi daga wannan bango zuwa wancan. Tausayi ke nan. Da aka soke John a ƙirji, kuka yi masa dashen zuciya a filin daga, cikin ƙura. Likitocin duniya na nan suna jiran ku koya musu.

Wata kyautar da kuka yi wa al'umma ita ce sassauci. Finafinan farko na manya ne, ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sinima a Amurka sai da babba. Amma wanda ya zuba dala miliyan 150 ko 200 ba zai yarda a tsayar da kowa a ƙofa ba. Don haka a na 2009 da na 2015 kuka rage jini, kuka rage tsoro, kuka ƙara fashe-fashe, domin fashewa ba ta bukatar tafinta, ana jin ta a kowace ƙasa. Hikimar ta fito fili a Genisys na 2015: a Amurka bai kai dala miliyan 90 ba, kasuwar Sin ce ta fi ta Amurka kawo kuɗi, har jimillar ta kai miliyan 440. Kuma da yake ba kwa son 'yan kallo su sha wahalar mamaki, babban sirrin fim ɗin, wato John Connor da kansa ya koma na'ura, tun a talla kuka faɗe shi, har a fosta. Haka kuka yi a 2009 ma da babban sirrin Salvation. Wa ya kai ku sanin haƙƙin mai saye? Ya san abin da zai gani tun daga gida.

Genisys ya cancanci yabo na musamman wajen ɗumame. Tuwon jiya in aka ɗumama shi da safe yana da nasa daɗin, amma ku tuwon 1984 kuka ɗora a wuta bayan shekara 31, kuka sake ɗaukar fitowar farko kusan hoto da hoto, da sabbin fuskoki. Kuka haɗa tsohon Arnold faɗa da sabon Arnold na kwamfuta. Da aka ce yaya na'ura take tsufa, kuka ce ai fatar ce ke tsufa. Sarah tana kiran sa Baba, shi kuma yana koyon murmushi. Skynet ta koma manhajar da za a saka a wayoyi. An yi ta tsalle tsakanin 1984 da 2017 da 2029 har mai kallo ya daina tambayar wa ya haifi wa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, shi ya sa duk wata magana da aka taɓa tafa wa a finafinan Cameron sai kun sa wani ya sake faɗin ta, ko ta dace da wurin ko ba ta dace ba. Mai kallo ya ji, ya tuna fim mai kyau, ya ɗauka shi yake kallo.

Bos ma ba ku bar shi a baya ba. Tunda na 1991 ruwan ƙarfe ne, na 2003 kuka ba ta ƙashin ƙarfe da fatar ruwa da bindiga a hannu. Na 2015 tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ke watsewa su haɗu. Na 2019 rabuwa biyu yake yi. Kowanne ya fi na baya ƙarfi, kuma babu wanda ya kai rabin ƙwarangwal ɗin nan na 1984 ban tsoro, wanda ba shi da ƙafafu, yana jan ciki a cikin masana'anta yana miƙa hannu zuwa wuyan mace guda mai rauni a cinya. A can mun san mutum na iya mutuwa, domin Kyle ya mutu a gabanmu. A naku kowa faɗowa yake daga jirgin sama ya tashi ya karkaɗe riga. Kun cire wa 'yan kallo fargaba, Allah ya saka.

Sai Dark Fate na 2019, inda kuka nuna adalcin da ba a taɓa gani ba. Kuka fito da kanku kuka ce a manta da na uku da na huɗu da na biyar, kamar ba a yi su ba. Kuɗin tikitin waɗanda suka kalla dai ba a maido ba, amma an yarda an yi kuskure, wannan ma wani abu ne. Kuka dawo da Cameron a matsayin furodusa, kuka dawo da Linda Hamilton, zukata suka fara kwanciya. Sai cikin mintunan farko kuka harbe John Connor yana yaro a bakin teku. Finafinai biyu da aka yi don a tsirar da shi, kun biya su da harsashi. Aka ce Skynet ba ta samu ba, amma wata kwamfutar mai suna Legion ta taso, ita ma tana turo mutum-mutumi daga gaba don ya kashe wata yarinya a Meziko. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Shi kuwa mutum-mutumin da ya kashe John, da ya rasa aikin yi, sai ya zauna a Teksas ya raɗa wa kansa suna Carl, ya yi iyali, ya buɗe sana'ar sayar da labule. Schwarzenegger yana da shekara 72, da furfurarsa, ya zauna yana ba da labarin yadda ya hana wani mai saye sa wa ɗakin wata yarinya labule marar ado, ya ce a sa mai malam-buɗe-littafi. Wannan ita ce irin na'urar da ta shiga ofishin 'yan sanda da mota ta ƙarar da su. Kai, madalla da wannan tarbiyya!

'Yan kallo ne dai ba su da godiya. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 261 kawai, bayan an kashe wajen miliyan 185 ban da kuɗin talla, asara ta haura miliyan 100. Ga wani abin alfaharin kuma: na 2009, da na 2015, da na 2019, kowanne an tsara shi a matsayin farkon jerin finafinai uku, kuma babu wanda ya ga na biyunsa. Sau uku kuna aza tubali, sau uku kuna barin kango. Ai dole, tunda kun daina yin fim mai ƙarshe. Kowanne gabatarwa ce ga wani da ba zai zo ba.

Kada ku ji kaɗaici, kuna da 'yan'uwa a sana'ar tono kabari. A jerin Alien, Ripley ta jefa kanta cikin wuta a 1992, a 1997 aka sake ƙera ta daga jininta. A Star Wars, mugun sarkin da aka jefa rami a 1983 ya dawo a 2019, bayan Disney ta sayi kamfanin Lucasfilm a kan sama da dala biliyan 4 a 2012. Neo da Trinity na Matrix sun mutu a 2003, aka tashe su a 2021, kuma wannan fim ɗin ya fi kowa gaskiya, domin a cikinsa ma an gaya wa jarumin cewa Warner Bros. za ta yi ci gaban ko da shi ko ba shi. Mutum ɗaya ne zan gargaɗe ku kada ku yi koyi da shi, George Miller na Ostareliya. Ya yi Mad Max uku tsakanin 1979 da 1985, ya ajiye jerin shekara 30. Da ya dawo da Fury Road a 2015 yana ɗan shekara 70, bai jawo Mel Gibson ya rina masa gashi ba. Ya sa sabon jarumi, ya ɗora nauyin labarin a kan wata mace mai hannu ɗaya, ya kwashi motoci na gaske zuwa hamadar Namibiya. Fim na huɗu ne, ya ci Oscar shida. Mutumin nan yana ɓata muku hujja, domin ya nuna ba yawan kashi ne ke kashe fim ba. Abin da ke kashe shi shi ne a ci gaba da magana bayan abin faɗa ya ƙare, saboda akwai bashin da za a biya.

Mai karatu, na yi musu yabon da ya dace da su, saura ni da kai. Ina son finafinan nan biyu, shi ya sa abin ke min ciwo. In ba ka taɓa kallon Terminator ba, nemi na 1984 da na 1991, ka kalle su a jere, da dare, ba tare da kana duba waya ba. In sarƙar nan ta gama sauka, labari ya ƙare. Sauran huɗun ka bar wa masu su.